Layar da ke ƙarƙashin sirdi

Ni ne na yi laifi, ba patro mai gidanmu ba, ba kuma masu moton ba. Na fara da wannan ne don ku yaran ateliye, garejin nan namu, kun sha tambayata labarin hoton tsohon sirdin nan da ke manne bisa teburina, ina kauda maganar. Tunda na kusa ajiye aiki, gara ku ji daga bakina.

Ranar da aka sauke moton nan a ƙofar ateliye ba ta taɓa fita raina ba. Amma bari in fara yi wa wanda ba ɗan sana'a ba bayani. Ateliyenmu na Rillieux-la-Pape, nan gefen Lyon a Faransa, ba ya gyaran motocin da ke yawo a titi. Aikinmu tsofaffin motocin soja ne na Yaƙin Duniya na Biyu, da moto, wato abin da 'yan Najeriya ke kira babur. Masu sha'awa ne ke sayensu a ruɓe, su kawo mu tashe su, su kuma su yi ta binciken inda abin ya bi da wanda ya hau shi. Ƙa'idar aikin kun san ta. Kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, ka ɗauki hoto ta kowane ɓangare. Duk abin da ka cire, kome lalacewarsa, ka sa shi a kwalin mai shi, shi zai ce a yar ko a ajiye. A lokacin ni ne shugaban makanikai, daga patro Mushe Bernar sai ni. Ni nake koya wa sababbi wannan ƙa'ida, ni ne kuma na karya ta.

Wadda ta kawo moton sunanta Mariama, malamar makaranta ce, haifaffiyar Paris, iyayenta mutanen Nijar. A rumbun wani manomi kusa da Lyon ta samo shi. Da ta ji patro ya kira ni Habu sai ta juyo, muka gaisa da Hausa, tata tana ɗingishi, Faransanci na tallafarta.

“Tonton, moton na papa ne,” in ji ta, tana kirana kawu da Faransanci. “Enfin, nawa ne da shi. Ni nake nema, shi yake mafarki.”

Ta ce kakanta tirayer ne, wato sojan Afirka a rundunar Faransa, kuma har ya rasu yana cewa shi a kan moto ya yi yaƙi, yana kai saƙo tsakanin manyan soja. Mahaifinta, Alhaji Isufu, ya yi shekaru yana zuwa taron masu tsofaffin motocin yaƙi da wannan magana, su kuma su yi masa murmushi su ce ai tirayer a ƙafa suka yi tafiya. Yanzu ya tsufa, idonsa yana mutuwa.

“Duk abin da kuka gani da zai nuna ɗan ƙasarmu ya taɓa hawa, ko ƙanƙane ne, ku ajiye mana. Ni ban sa rai ba. Shi ne ya sa.”

Na ce mata in Allah ya so. Ku riƙe wannan, na ji da kunnena, na kuma amsa.

Manomin ya naɗe sirdin da robar tsohon tiyo ya ɗaure da waya. Ina ni kaɗai a kusurwata na warware. Da na kifa sirdin sai ga wata 'yar jaka ta jar fata, bakinta kore, an ɗinke ta a jikin fatar ta ƙasa. Ba sai an gaya mini ba. Ni ɗan Damagaram ne, irinta mahaifiyata ta ɗaura mini a damtse ranar da zan bar gida. Laya ce, ɗinkin dukawanmu.

Abin da ya kamata shi ne in ɗauki hoto in kira patro. Maimakon haka sai na waiga in ga ko wani na kallona.

Ga dalili, ko da yake ba uzuri ba ne. Farkon zuwana ateliyen nan, abokan aiki kan tsinto 'yan takardun tallar bokaye da ake rarrabawa a bakin tashar jirgin metro ta Guillotière, su manna mini a ƙofar akwatin tufafina. Suna kirana Furofesa Habu, babban marabu, wato boka, mai dawo da matar da ta gudu. Ina dariya tare da su, amma abin yana cina. Na daɗe ina aiki kamar jaki kafin sunan ya sake ni. Da na ga layar, abin da ya zo mini shi ne muryarsu suna cewa ga giri-girin Furofesa, wato asirinsa, ya biyo shi har cikin moto. Na gaya wa kaina ai laya ma malamai da yawa sun hana. Ƙarya nake yi wa kaina. Ba tsoron Allah ne ya sa ni ba, tsoron dariyar Nasara ne.

Na sa wuƙa na yanke zaren, na jefa ta a aljihu. Sirdin na tura shi bayan tsofaffin tayoyi, na ce wa patro ya ruɓe ba ya ɗaukuwa. Ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Na kasa jefa ta a shara, domin an raine mu a kan cewa abin da wataƙila akwai sunan Allah a ciki ba a haɗa shi da ƙazanta. Ko a ƙona, ko a binne, ko a ba ruwa mai gudu. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tsaya kan gadar Guillotière, na yi bisimilla, na sake ta cikin kogin Rhône. Ban buɗe ta ba. Har na ji kamar na yi abin kirki.

Moton kuwa na yi masa aikin da ban taɓa yi wa wani ba. Da aka gama, bugu ɗaya yake tashi. Ni na nemi in kai shi Paris da kaina a motar ateliye, tare da kwalin tsofaffin kayansa, ban da sirdi.

Suna zaune can wajen Porte de la Chapelle. Mariama ta sauko da mahaifinta farfajiyar ginin tana riƙe da hannunsa. Dogon tsoho ne, da rigar sanyi a kan jallabiya. Muka yi gaisuwa irin ta gida, doguwa, ya tambaye ni mutanen Damagaram kamar jiya na baro su. Sannan ya ce a kai shi wurin moton.

Bai nemi a tashe shi ba. Ya shafa fitila, ya shafa tanki, sai ya durƙusa da ƙyar ya zura hannu ƙarƙashin sabon sirdin da na sa, yana lalube.

“Papa, ka fara ko?” in ji Mariama. “Haka yake yi a kowane taro, Tonton. Har sun sa masa suna likitan sirdi.”

“Su sa,” in ji shi. “Baba ya ce duk namu da ya hau moto a yaƙin nan, a nan yake ɗinke layar da uwarsa ta ba shi, don in ta kwana a jikinsa manya na ƙwacewa wajen duba tufafi. Tun ina da ido nake lalubawa.” Ya zare hannunsa ya kakkaɓe. “To, wannan ma babu. Malam Habu, tsohon sirdin fa?”

Na ce, “Ya ruɓe, Alhaji.”

“Allah Sarki. Ba kome. Ka yi aiki, Allah Ya yi albarka. Hau mu sha shayi.”

Na sha shayin mutumin nan, na ci abincinsa, ya raka ni da addu'a. Duk tsawon hanyar Lyon ban kunna rediyo ba.

Ban yi gaggawar gyara laifina ba, wannan ma ku sani. Sanyi ya shiga ya fita ina wuce tayoyin nan ina kauda kai. Abin da ya karya ni saƙon Mariama ne ga ateliye, tana godiya, tana cewa mahaifinta ya daina zuwa taro, ya ce wataƙila tsohonsa ƙarin gishiri ya yi. Wato ni na sa ɗa ya fara shakkar ubansa.

Na ciro sirdin na ajiye gaban patro, na faɗa masa kome. Ya daɗe yana kallon ramukan allurar da ɗinkin layar ya bari.

“Saboda waɗancan takardun banza, Habu?” ya tambaye ni.

Na ce i.

Ya ce, “Ni ma ina gani ana mannawa, ban hana ba. Amma ba ni za ka roƙa ba. Ɗauki hoto yadda ya kamata, sannan ka hau jirgin Paris.”

Hoton ke nan da kuke gani. Abin da na koya shi ne, mu ba sabo muke ƙerawa ba, amana muke riƙewa. Abin da ka tsinta a jikin tsohon moto ba naka ba ne, ko ya burge ka ko ya ba ka kunya. Wani ya bar shi a nan, wani kuma yana nemansa.

Na iske Alhaji a ɗaki, a kujera kusa da taga. Bayan gaisuwa na ɗora masa sirdin a cinya, a kife, na ɗauki hannunsa na kai wurin. Yatsunsa suka bi ramukan allurar, kusurwa huɗu, suka tsaya kan ɗan guntun koriyar fata da wuƙata ta bari. Ya kai shi hanci ya shinshina.

“Mariama,” ya kira. “Zo ki taɓa. Ke da kike cewa mafarki nake.”

Ta zo ta taɓa, sai hawaye.

“Ban ce na kakanki ne ba,” in ji shi. “Amma namu ne. Wani namu ya zauna a nan.” Sai ya juyo inda yake jin numfashina. “Zaren nan sabon yanka ne, Malam Habu. Ina abin da ke ciki?”

Na faɗa masa duka, da takardun bokaye, da wuƙa, da gada. Mariama ta tashi ta koma bakin ƙofa ta juya mini baya. Shi kuwa ya tambaye ni:

“A ruwa mai gudu ka sa?”

“I, Alhaji.”

“Da bisimilla?”

“Da bisimilla.”

“To, ka ji kunyar Nasara, amma ba ka zubar da tarbiyyar uwarka duka ba.”

Na sauko daga kujera na durƙusa a gabansa, yadda rabona da yi tun gaban mahaifina. Na ce, “Alhaji, 'yarka ta ba ni amana na ci. Ka tambaye ni da bakinka na yi maka ƙarya, na kuma sha shayinka a kanta. Abin da ka yi shekaru kana nema ya zo hannuna, na ji kunyarsa na jefar, ba ni da yadda zan dawo maka da shi. Mahaifinka gaskiya ya faɗa, ni ne maƙaryacin. Ka yafe mini don Allah. Mariama, ke ma ki yafe mini. Shi kuma sojan da ban san sunansa ba, da uwar da ta sa aka ɗinka masa, ka taya ni roƙon Allah Ya isar musu da ban haƙurina.”