Malam Sama'ilu da Nauyin Tururuwa

Kafin rana ta haura gawon da ke bakin tasha, Malam Sama'ilu ya riga ya zaga gonarsa ya dawo, ya jingine kekensa a gindin darbejiya, ya buɗe ɗan shagonsa. Yakan yayyafa ruwa a ƙofa ya share, sannan ya jera abin da aka kawo masa jiya: rediyon wani dattijo, fankar sola, injin ban-ruwan da ya ƙi tashi. Ƙaurin dalma mai narkewa shi ne ƙamshin hantsi a wannan lungu na Tsanyawa.

Ranar Asabar kaɗai shagon ke zama a kulle. A ranar yakan ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan keke, ya ratsa gonakin gero da gyaɗa zuwa wata sakandaren 'yan mata da ke bayan gari. Shi ba malamin makarantar ba ne. Malamar kimiyya ce, Malama Ramlat, ta taɓa roƙonsa ya zo sau ɗaya ya nuna wa yara yadda ake haɗa wayar lantarki. Sau ɗayan nan ne ya zama shekara da shekaru. Yanzu ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, ya ce zai huta da zuwa makarantar. Tun da ya huta ɗin, ya kamata a faɗi abin da gari ya daɗe yana jin nauyin faɗa.

A shekarar da aka gayyaci makarantar gasar butum-butumi a birnin Kano, 'yan matan suka ƙera nasu. Bai yi kama da mutum ba. Akwati ne mai taya huɗu da hannu guda, aikinsa ya ɗauki ƙwallo ya zuba a kwando. Suka raɗa masa suna Tururuwa. Aina'u ce mai tuƙa shi, Tahira kuma ita ce mai haɗa wayoyinsa. Dokoki biyu aka fi jaddada musu: kada nauyinsa ya wuce abin da aka ƙayyade, kuma ranar gasa babu babban da zai sa masa hannu.

Kowace taya tana da ɗan injin da ke juya ta, kowane inji kuma yana da kwanturolarsa, wani ɗan allo mai kamar tafin hannun jariri, wanda ke gaya wa injin ya yi gaba ko baya, da sauri ko a hankali. A nan Malam Sama'ilu ya zuba zuciyarsa. Ya koya wa Tahira ta bi jar waya da yatsa tun daga batir har inda ta tsaya kafin ta kunna komai. Ya sa wa kowace kwanturola fiyus ɗinta, mai yanke wuta idan ta yi yawa. Amma mutum ne da ya yi rayuwarsa a kan injinan rijiya, ya sha ganin siririyar waya ta narke a tsakiyar rani, albasar bawan Allah ta bushe. Don haka wayar da ya kawo mai kauri ce, irin ta haɗa sola. A ƙarƙashin kwanturololin kuma ya shimfiɗa farantin ƙarfe don ya sha zafi.

"Baba, wannan wayar ai ta ɗaure bijimi ce," in ji Tahira.

"Ke dai naɗa. Kin taɓa jin an yi kuka da ƙwari?"

Makarantar ba ta da sikeli. Ranar kasuwa Malam Sama'ilu ya ce a bar masa wannan, ya san inda za a je. Aka naɗe Tururuwa a zani, aka kai rumfar Sabiru mai sayen riɗi, aka rataya a ƙugiyar sikelinsa. Allura ta karkaɗa, ta tsaya ƙasa kaɗan da iyaka. Aina'u ta rangaɗa guɗa har masu awo suka waiwayo.

Babu wanda ya tuna abin da kowane manomi a wurin ya sani. Sabiru yakan mayar da allurar sikelinsa baya, don cire nauyin buhu da yashin da ke biyo riɗi daga masussuka. Ba ɓoyayyen abu ba ne, haka ake ciniki a rumfar. Malam Sama'ilu kansa ya sha tsayawa a nan kowace kaka da buhunansa, yana kallon allurar nan kwance a bayan sifili.

A Kano, cikin wani babban zaure mai sheƙi, wata matashiyar alƙaliya ta ɗora Tururuwa a kan sikeli mai lambobi. Ta duba, ta sauke, ta sake ɗorawa.

"Kun haura da fiye da kilo guda. Ku rage, ko ku zama 'yan kallo."

Wani ɗalibi daga wata makaranta ya leƙo cikin akwatin, ya ga wayoyin, ya ce wa abokinsa da ƙarfi, "Wannan tururuwa ce ko giwa? Wa ya haɗa musu, mai gyaran taransifoma?"

Aka kwashe da dariya. Malam Sama'ilu yana tsaye a bayan igiyar da aka ja wa manya. A wannan lokacin ne allurar Sabiru ta faɗo masa a rai. Ya so ƙasa ta tsage. Zai iya yin shiru, a ɗauka sakacin yara ne. Sai ya cire hularsa, ya goge goshi, ya ɗaga murya yadda alƙaliyar za ta ji.

"'Yata, ni ne mai gyaran. Ni na zaɓi wayar, ni na kai su sikelin. Yaran nan abin da na ce suka yi."

Dariyar ta mutu. Ya zaro sukundirebansa mai jan mariƙi, wanda bai taɓa ara wa kowa ba, ya miƙa wa Tahira ta saman igiya.

"Baba, in cire fiyus-fiyus ɗin?" in ji Tahira.

"Nawa ne nauyinsu? Bar su. Kwance farantin nan nawa. Wayar kuma duk inda na yi mata rara, yanke."

"Ka fa yi sati kana jera ta."

"Yanke, Tahira."

Ya tsaya yana kallo ana kwance aikinsa. Malama Ramlat ta samo siririyar waya a wurin wata tawaga. Tahira ta durƙusa tana cire kwanturola ɗaya bayan ɗaya, tana bin jar waya da yatsa, leɓenta na motsi kamar mai tilawa. Aina'u na riƙe mata fitilar wayar salula, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. Shi kuwa hannuwansa suna ta motsi a iska a bayan igiya, suna murɗa sukurun da ba su isa su taɓa ba.

Tururuwa ta hau sikeli ta tsallake. Amma kafin nan zagayen farko ya wuce su, kuma da farantin ya fita sai gindinta ya yi sakayau, duk sanda ta ɗaga ƙwallo sai ta yi tangal-tangal. Sun tashi kusa da na ƙarshe. A bas ɗin dawowa Malam Sama'ilu ya zauna a kujerar baya, shi kaɗai har Tsanyawa.

Labari ya riga su isa. A teburin mai shayi aka laƙaba masa Mai Giwa. Mutanen da ya gyara wa injin ban-ruwa a tsakiyar zafin bazara su ne suka fi kowa iya faɗar sunan. Babu wanda ya ce sannu. Asabar ta zo, shago ya kasance a buɗe. Wata Asabar ɗin ta zo, haka. Idan ya hango fararen hijabai sun taso daga makaranta, sai ya sunkuyar da kai cikin rediyo. A ransa ya gama yanke hukunci: wanda ya kunyata 'ya'yan mutane a birni ba shi da fuskar komawa.

Wata Juma'a da yamma Malama Ramlat ta tsaya a ƙofar shagon, Tahira na bayanta. Suka gaisa. Ya kasa haɗa ido da su.

"Malama, ku nemi wanda ya yi boko. Ni na tsufa da wannan."

Tahira ta russuna. "Baba, ba zancen koyarwa ya kawo mu ba. Sukundirebanka ne yake wurinmu."

"To, kawo."

"Yana makaranta. In kana so, gobe Asabar."

"Wato garkuwa kuka yi da shi."

"Ni dai ban ce ba. Kuma kwanturolar tayar hagu tana ɗaukar zafi tun da aka cire farantinka. Mun rasa me za mu sa mata marar nauyi."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Murfin tsohuwar tukunyar alminiyam zai yi. A huda shi."

Washegari aka ga keke ya ratsa gonaki. Bai tambayi sukundireba ba, ba su kuma ba shi ba.

Malam Sama'ilu, kai ne ka yi kuskure a bainar jama'a, ka amsa shi da bakinka tun ba a tambaye ka ba. Kai ne ka koma ɗakin da kake jin kunyar shiga, ka ci gaba da komawa, har Tahira ta tafi kwalejin fasaha tana karatun lantarki, har ƙannenta suka gaji bencin aikinta. Tun daga ranar, ba a ɗora komai a sikeli a makarantar nan sai wata yarinya ta kwaikwayi muryarka ta ce, "A fara duba allura." Mai dalma, uban 'yan mata, kunyar da ka ɗauka kai kaɗai a bas ɗin nan ba taka ba ce kai kaɗai. Garin da ya iya raɗa maka suna bai iya yi maka godiya ba, kuma har yau idan aka tuna, sai a kau da kai a sake zance.

A Asabar ɗinsa ta ƙarshe, Tahira ta zo daga Kano musamman. A gaban ɗalibai ta durƙusa, ta miƙa masa sukundireban da hannu biyu. Jan mariƙin ya koɗe saboda hannuwan yara. Ya karɓa, ya jujjuya shi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar da shi kan benci.

"In na tafi da shi, da wane dalili zan riƙa leƙowa?"

Mun gode, Malam. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka maka da mafificin alheri. Ku kuma masu sana'a a hannu, maƙera da masu walda da masu gyaran waya, akwai makaranta a bayan garinku, kuma Asabar tana zuwa. Wanda ya bi ta gindin darbejiyar nan gobe, ya tsaya ya gaishe shi da sunansa na yanka.