Moɗar da Yaya Mamman ya ƙera wa Inna

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in ƙara wa mamaci abin da bai yi ba. Amma shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Mamman, wanda Allah ya karɓa jim kaɗan bayan an ba mu jihar Kebbi, kuma yanzu buƙata ta fi ƙarfin kunyata.

Yaya Mamman maƙerin moɗa da mazurari ne a kasuwar Argungu. Mahaifiyarmu, Inna, ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe mata yatsun hannun dama har ta kasa riƙe moɗar randa. Ba ta faɗa wa kowa ba. Da bazara sai muka ga leɓɓanta sun bushe, fura tana kwana a ƙwarya. Ashe ba ta yarda ta sha da hagu, ba ta kuma yarda jika ya kai mata ruwa baki.

Yaya ya fara ƙera mata kofi mai hannu biyu. Ta juya shi, ta tura masa abinsa.

"Kai Mamman, wanga ai na yaye na. Kuma hagun ta shiga ciki. Ko ƙishi za shi kashe ni, ba ni sha da ita."

"To Inna, ara mini hannun naki in auna."

Da zare ya auna tafin. Ya dawo da moɗa marar nauyi, mai faffaɗan maɗauri guda a gefe, inda hannun dama ke zurawa gaba ɗaya, ba ruwan yatsu. Ya naɗe maɗaurin da fata don kada ya ci mata ƙashi. A gabana Inna ta yi bismilla, ta ɗebo ruwa da kanta, ta shanye, ta ce a kawo furar. Wannan da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Yau kasuwar Birnin Kebbi cike take da kofunan roba, ja da shuɗi, hannunsu ko yatsa biyu ba ya ɗauka. Na tabbata da Yaya yana raye, da ya ɗaga ɗaya ya tambayi mai shago, da wasa kamar yadda ya saba, ko wanda ya yi shi ba shi da tsohuwa a gida. Shi kam bai ƙera abu ba sai ya ga hannun da zai riƙe shi. Wannan halin nasa ne ya rage mana, kuma ban ga ya tsufa ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Matarsa, Yaya Kulu, tana wurina a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi, kuma ciwon nan ya kama ta. Na lura ta fara cewa ba ta jin ƙishi. Na kwatanta wa maƙera biyu moɗar, amma bakina bai iya kai su inda hannunsa ya kai ba. Ta Inna kuwa, bayan rasuwarta an ba wata tsohuwa daga Zauro sadaka, ban riƙe sunanta ba.

Don Allah, duk wanda ya ga moɗa mai maɗaurin fata a gidansu, a Zauro ko Argungu, ya sanar da ni ta hannun wannan jarida. Aro kawai nake so, maƙeri ya gani in mayar. Zafi ya kusa, kuma Yaya Kulu ma ba ta sha da hagu.