Bawon Albasa a Ɗakin Inna

Ni dai tun ranar da ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zo da igiya da turaku hankalina bai kwanta ba. Shekara da shekaru unguwarmu a Illela tana kukan ambaliyar ruwa, ba wanda ya leƙo mu. Sai da wani Alhaji, babban dillalin albasa, ya gina sito a saman layinmu, sannan aka tuna muna bukatar magudanar ruwa.

Gidanmu na ƙasa ne, shi ne na ƙarshe a gangare, ɗakin Inna kuma shi ya ba titi baya. A ɗakin aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu duka. Mun sha roƙonta ta koma na bulo da muka gina mata, ta ce sai dai a fitar da gawarta.

Lambatun ya fito tsaf da siminti daga ƙofar sito, ya miƙe har ya kusa katangarmu, sai ya tsaya. Na tare shugaban aikin, wani mai hular kwano.

"Malam, ruwan ga in ya kawo nan, ina za shi?"

"Kashi na biyu na nan tahe, shi za shi kai shi fadama."

"Yaushe?"

"In an amince."

Da ƙafata na je sakatariya. Aka ba ni kujera da ruwan sanyi, aka ce injiniya ya auna komai. Karramawar ta yi yawa, ita ta ƙara tsorata ni. Maƙwabta suka ce na cika zargi, mutum an yi masa aiki ko godiya babu. Har Inna ta sa baki: "Kai dai ba ka yarda da kowa. Mi Alhaji zai ci da ɗakina?"

Na jera buhunan yashi a gindin katanga, ana yi mini dariya.

Ruwan ya sauko wata Laraba bayan la'asar. Da can yakan bazu ko'ina, kowane gida ya sami rabonsa. Ranar kuwa lambatu ya tattara shi kaf, ya kawo mana shi da gudu kamar an aiko shi. Buhunan ba su yi komai ba. Da ƙyar na ciccibo Inna tana faɗa tana dukan kafaɗata, muna isa tsakar gida bangon ɗakin ya zauna.

Da aka ɗauke ruwan, ta ƙi jiran kowa, ta shiga laka da sandarta tana neman gadonta. Ko'ina jan bawon albasa ne, a kan katifa, a cikin kwanuka, har a akwatin kayanta. Ta ɗebo shi cike da hannu ta daɗe tana kallo.

"Wanga ba namu na ba," ta ce a hankali. "Kai ni ɗakin bulon."