Barhon Baba da Allurar Kamfas

Ranar Talata ce, tsakiyar damina, ana saura 'yan watanni Turawa su miƙa mulki. Baba ya dawo daga kwata da hantsi, ya riƙo mana hanta a ganye. Mahauci ne, haka ubansa. Ni kaɗai na bar wuƙa na shiga aikin safiyo, ina jan sarƙar awo, ina karanta taswira da kamfas. Kuma ina ji da kaina ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Ni na kafa duwatsun siminti a gonakin bayan Ƙofar Kware, inda za a fitar da sabuwar hanya. Sai aka baza wai na sayar da gonakin mutane. Ni da ko akuya ban mallaka ba!

Ƙarfe tara da rabi muka ji ganga, kiɗan da ba na biki ba. Sai ruwan duwatsu a kan ƙyaure, masu gonakin sun cika ƙofar gida.

"Ku fiddo muna ɗan safiyo!"

Suka cinna wa zaure wuta. Matan gida suka tsallaka maƙwabta, ba su ake nema ba. Ni da Baba muka haura katangar baya. Wajen dira ya bugu a gwiwa.

Ƙarfe goma muna cikin gero. Na shimfiɗa taswira a ƙasa. Titi ba ya biyuwa, sun tare shi. Amma ga mashigin gulbin Rima, arewa sak, inda masu jirgi ke haye da mutane. In mun kai can, mun tsira.

Mahauci ba ya barin barhonsa, ko gida na ci da wuta. Baba ya fito da nasa. Yanzu kuwa hannu biyu yake so ya dafa sanda, sai ya rataya mini barhon a wuya. Ya sauka daidai ƙirjina.

Ranar da na fara aiki, Baturen safiyo ya sa na cire har makullin aljihuna. Ƙarfe yana jan allurar kamfas. Na san wannan kamar sunana. Ran nan ban tuna ba. Na riƙe kamfas a ƙirji, na shiga gaba.

Gero ya fi mu tsawo. Hadari ya rufe rana, babu inuwa. Ina ƙirga taku yadda aka koya mini, Baba na ɗingishi a bayana. Taku ɗari, mu huta.

Wajen sha biyu ya tsaya. "Bello, wagga ƙasa hawa takai. Gulbi gangare na."

Taswira ma haka ta nuna, layukanta duk gangara suke. Na gani, na ƙi gani. Na ce, "Baba, wannan ba hanjin sa ba ne. Allura ba ta ƙarya." Wallahi haka na faɗa wa ubana. Ya ci gaba da bina.

Ƙarfe biyu saura muka ji kiran sallar azahar. Daga gabanmu ya fito, ba daga baya ba. Na duba ƙirjina, na ga barho. Da'ira muka yi.

Kafin in buɗe baki, gero ya ƙare. Ga titi, ga su zaune gindin tsamiya suna cin goro. Baba ya hankaɗa ni baya, na faɗi tsakanin kunyoyin gero. Shi ya fita.

"Ina ɗanka?"

"Ya haye gulbi."

"Ku ba shi kashi!"

Gora ce da kulki. Na ji suna dariya. Wani ya ce a fara da gwiwar da yake ja. Baba ya yi salati sau uku, na ukun bai kai ƙarshe ba. Ina kwance, bakina cike da ƙasa, barho a ƙarƙashina, wasasshe, wanda ke raba ƙashin sa. Ban tashi ba. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Da aka fara ruwa suka watse. Na tuɓe barhon na ajiye nesa. Allura ta juya a hankali, ta nuna bayana. Ko ita ba ta yi ƙarya ba.

La'asar na haye gulbi. Maƙwabta ne suka yi wa Baba sutura, ba ni nan.

Bayan shekara biyu ofis ya tura ni awon wannan titin. Tsamiyar tana nan. Na ja sarƙa daga bakin gonar zuwa gindinta, sannan na taka da ƙafa don in tabbata. Ranar Talatar nan na ƙirga taku dubu huɗu da ɗoriya a gaban Baba. Waɗanda suka rage tsakanina da shi goma sha ɗaya ne.