Rigunan Jaruman Gem a Kasuwar Raguna

Talata: Kano zuwa Makwa

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, ana sallame salla, na ɗora jakata a kai na fito daga gidanmu da ke Fagge. Maiɗakina Hajara ta rako ni har zaure, ta miƙo mini ƙullin dambun nama, ta yi mini addu'a, sannan ta ce, "Don Allah in ka je kada ka tsaya yi wa mutane dogon bayani. Ka faɗi kuɗi kawai." Ta san halina.

Sunana Sabi'u, tela ne ni. Na shekara goma sha ɗaya ina ɗinka kaftani da 'yar shara ba wanda ya taɓa jin kaina, sai da aka buɗe gidan gem a jikin shagona, inda samari ke biyan naira goma su zauna gaban talabijin suna dambe da yatsu. Wata rana na shiga don in ce su rage ihu, idona ya faɗa kan talabijin ɗin. Su naushi suke kallo, ni kuwa ɗinki na gani. Wani jarumi na sanye da jar jaket mai tudun kafaɗa, wani kuma baƙa mai hannu ɗaya tal. Tun daga ranar nake biyan naira goma a tsayar mini da hoton, in zana a littafi. Na sayar da ɗaya daga kekunan ɗinkina biyu, na sayi fatar roba da soso da zif da maɓallan ƙarfe, na yi wata uku ina aiki, na fitar da jaket goma sha biyu. A Kano ba wanda ya taya ko ɗaya. Wani ma tambayata ya yi ko yadi ne ya ƙare mini a kan mai hannu ɗayan. Bashari, ɗan kawuna da aka haifa a Agege, shi ya aiko mini cewa in kawo su Legas, samari za su yi wawarsu.

Kawu Ilu, mahaifin Bashari, dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, don haka ya haɗa ni da direban babbar motar da ke kai masa kaya, wani dattijo mai suna Mamman. Muka tashi shida da rabi, ni a gaba, jakata a saman buhunan albasa ƙarƙashin tamfol. Zariya ƙarfe tara, Kaduna sha ɗaya da 'yan mintoci, daga nan muka karkata hanyar Birnin Gwari, inda ramuka suka fi kwalta yawa.

"Wai me ka ɗauko ne?" in ji Mamman.

Na soma yi masa bayanin jarumin da ke fitar da wuta daga tafin hannu. Ya saurara har muka wuce ƙauye biyu, sannan ya ce, "To. Allah ya sa da aljihu."

Mun yi la'asar a Tegina, muka isa Makwa bayan isha. Na ci sakwara da miyar agushi ta naira sittin, na shimfiɗa tabarma a gindin mota.

Laraba: Jebba zuwa Mile 12

Bakwai saura muka haye gadar Jebba. Ba mu yi nisa ba muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani sajan ƙaƙƙarfa, mutumin Filato mai jin Hausa, ya ce a sauko da jakar. Yana zuge zif ya ci karo da koriyar jaket mai taurarin ƙarfe a kafaɗa da maɓallai layi biyu. Ya ɗaga ta sama, ya dube ni.

"Wannan kakin wace runduna ne? Ko shekara ba a yi ba da soja suka koma bariki, kai kuma kana kai kaki Legas a cikin albasa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gem ne." Na zaro littafin zanena, na nuna masa mai koriyar jaket ɗin yana tashi sama da ƙafa ɗaya. Ya juya shafi, ya sake juyawa, ya ga mai hannu ɗaya, sai ya tuntsire da dariya ya kira abokan aikinsa. Ya ce shi bai taɓa ganin janar mai hannu ɗaya ba. Daga nan ya ce bari ya gwada koriyar. Na ce ta yi masa kaɗan, bai ji ba. Ya shiga da ƙyar, ya ja zif har wuya, ya yi taku uku, mutanensa suna sara masa. Da ya zo cirewa zif ya ƙi.

Motoci suka yi layi. Sajan na gumi, hannuwansa a buɗe kamar zakara zai yi cara. Na ce a samo mini guntun kyandir, aka samo a wurin wata mai shayi. Na goga a haƙoran zif ɗin, na ce ya riƙe numfashi. Ya riƙe, na ja, ya fito. Ya shaƙi iska ya ce, "Tafi, tela. Wanda ya saka wannan ba zai iya juyin mulki ba."

Ilori ƙarfe goma, Ogbomosho azahar, inda muka ci amala ta naira hamsin. Ibadan ta cinye mana awa biyu. Ana kiran magariba muka shiga Mile 12, 'yan dako suka yanyame motar tun ba ta tsaya ba. Kawu Ilu na nan tsaye da carbinsa. Ya rungume ni, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya ce na zo a kan gaɓa, matar Bashari ta haihu, ran Lahadi suna. Muka hau danfo biyu, wato ƙananan bas na haya, zuwa Agege. A ɗakin zaure da aka sauke ni na buɗe jaka, wani wari ya bugi hancina. Kwana biyu a rana ƙarƙashin tamfol, jarumaina duk sun zama albasa.

Alhamis da Juma'a: Agege da Ikeja

Da safe na shanya su a igiya, matan gidan suna leƙe suna ƙus-ƙus. Bashari ya fito, yana ganinsu ya dafe kai. Shi magana ɗaya sai ya haɗa ta da harshe uku.

"Yaya Sabi'u, wallahi dis wan na faya! Oya, mu je Ikeja."

Danfo ya kai mu a naira ashirin. Gidan gem ɗin da ya kai ni ya ninka na unguwarmu sau biyar, mai shi wani Bayarabe ne mai fara'a. Na zaro jar jaket ɗin. Wani saurayi da ke tsakiyar wasa ya waiwayo, ya saki abin hannunsa, ya miƙe tsaye, ana ta dukan jaruminsa a talabijin bai kula ba. Ya zo ya shafa kafaɗar, ya kira sunan jarumin a hankali. Ban ɓoye muku ba, idona ya kawo ruwa. Wata uku ana yi mini dariya, yau ga wanda ya gane abin da na ɗinka.

Sai suka taru, aka shiga gyara mini aiki. Wani ya ce maɓallan shida ne ba takwas ba. Wani ya nuna dodon da na yi wa ado da zare a bayan wata baƙar jaket ya ce wannan ai ƙadangare ne. Na ce talabijin ɗinmu na Kano yana da yashi-yashi, abin da na gani na ɗinka. Kowa ya gwada, kowa ya yi tsayuwar dambe, bayan minti biyu kowa ya cire yana fifita da hannu. Da na ce dubu ɗaya da ɗari biyar, sai kowa ya koma kujerarsa. Mai shagon ya dafa ni ya yi magana, Bashari ya fassara: aikin ya yi kyau, amma wanda ke da kuɗin saye ba ya zuwa nan, wanda ke zuwa nan kuma kuɗin wasa kawai gare shi.

Ran Juma'a muka zaga gidajen gem huɗu a Agege kafin masallaci. Labarin bai sake ba. Na dawo na zauna a zaure ina tunanin keken da na sayar, da yadda zan shiga Fagge da jakar nan a kai. Tuwon da aka kawo mini ma rabi na ci.

Asabar: Alaba Rago

Kawu ya ce in raka shi sayen ragon suna, in kuma ɗauko jakar. Na ce, "Kawu, wa zai sayi kayan gem a kasuwar dabbobi?"

"Ɗana, shekara talatin ina sayar da albasa a Ikko, ban taɓa ganin wadda ta sayar da kanta daga cikin buhu ba. Saka ɗaya a jikinka."

An ɗan yi yayyafi da safe, don haka na saka jar, wadda na cika wa soso a baya da kafaɗu. Muka bar Agege bakwai da rabi, danfo uku, muka sauka Alaba Rago goma saura. Kawu ya nufi turken wani mutumin Tawa da ake kira Ɗan Tawa, ya tsaya gaban wani ƙaton rago fari mai murɗaɗɗen ƙaho, aka kwance shi don ya ga tafiyarsa. Ni kuwa na juya baya, na sunkuya ina gyara zaman jakar.

Ban ji tahowarsa ba. Na dai ji kamar an jefe ni da buhun siminti, ƙafafuna suka bar ƙasa, na sauka da fuska a cikin kwamin dusa. Kasuwa ta ɗauki salati. Kawu na kiran sunana, wani na cewa a kawo ruwa, wani na cewa kada a taɓa shi, ƙashin baya ne. Na ɗago a hankali, na tofar da dusa, na miƙe. Na motsa kafaɗa, na lanƙwasa, na miƙe. Ko gezau.

Ɗan Tawa ya zagayo bayana ya danna jaket ɗin da yatsa. Ya ɗage rigarsa ya nuna mini wani baƙin tabo a haƙarƙari. "Wanga rago shi ya yi min shekaranjiya, har likita na tai. Miye ka sa a ciki, maigida?"

Na ce soso ne ninki biyu. Na kuma soma yi masa bayani cewa wannan rigar wani jarumi ce mai fitar da wuta daga...

"Ba ruwana da wuta. Tana tare ƙaho, ko ba ta tarewa?"

"Ai ka gani."

"Nawa?"

Na tuna maganar Hajara, na faɗi kuɗi kawai. Ya taya, muka daidaita a dubu da ɗari biyu, na tuɓe masa ita nan take da dusarta. Kafin in ankara masu kama raguna sun kewaye jakar. Wani ya ɗauki baƙar mai dodo ya ce ita ma sai an gwada, in saka a sake sakin ragon. Na ce wallahi gwaji ɗaya ya ishi kowa, in yana so ya saka da kansa. Ya saka kuwa, ya juya baya, ragon ya dube shi ya ci gaba da cin harawa. Duk da haka ya saya. 'Yan okada, wato 'yan acaɓa, da ke bakin titi suka ji hayaniya suka shigo, suka ga tudun gwiwar hannu, suka ce wannan ta faɗuwa ce da iskar asuba. Koriyar mai taurari wani shugabansu ya ɗauka, ya ce ta dace da muƙaminsa. Ba wanda ya ƙirga maɓalli, ba wanda ya ce ƙadangare ne. Kafin azahar saura mai hannu ɗaya kawai a jaka.

Raina ya kasu biyu. Na ɗinka su don jarumai, ga su a jikin masu kokawa da tumaki. Amma da na ga Ɗan Tawa ya shiga tsakiyar garke yana taƙama, kafaɗu a sama, sai na ga ai ya fi na talabijin ɗin kama da jarumi. Kawu kuwa cewa ya yi ba zai sayi wani rago ba sai wannan.

Lahadi: Suna

An raɗa wa yarinya suna Maryam. Mahaucin da ya zo fiɗa ya hango mai hannu ɗaya a rataye a ƙofar zaure, ya juya ta ya sake juyawa. Ya ce shekara da shekaru yana naɗe hannun rigarsa na dama, ashe akwai telan da ya san matsalarsa. Ya biya bai ko taya ba. Da aka kawo nama, Kawu ya zaɓo mini tsoka mafi girma ya ce, "Rama, ɗana." Na rama har sau uku.

Litinin da Talata: Komawa gida

Bashari ya kai ni tasha shida na safe, ya sa na yi masa alkawarin in ɗinko wa 'yan Ikeja wasu jaket marasa soso, masu sauƙin kuɗi, da maɓalli shida. A aljihuna ga takarda ɗauke da awon mutum bakwai na Alaba Rago. Bas ta tashi bakwai, muka kwana a Tegina, hantsin Talata na sauka Kano. Hajara ta karɓi jakar, ta ji ta rage nauyi, ta yi guɗa, sannan ta toshe hanci.

"Mene ne kuma wannan a ciki?"

Na ce fatar ragon ce, Kawu ya sa aka barbaɗa mata gishiri ya ba ni tsaraba.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Kawu Ilu da iyalinsa, da Bashari, da Mamman direba, da sajan da ya yi haƙuri da zif ɗina, da mutanen Alaba Rago. Shi kuwa ragon, fatarsa na wurin majema yanzu haka. Idan ta fito, jaket zan ɗinka da ita, kuma wannan ba ta sayarwa ba ce.