Yaɓen Bahago a Zauren Malam Ilu

Cikin duk ranakun da na yi a bakin gini, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da muka ɓare siminti daga jikin zauren Malam Ilu a Badafi. Ku da kuke aiki a hannuna yanzu kun sha tambayata me ya sa duk bazara nake ajiye aikin bulo in tafi ƙauye in yi ta cuɗa ƙasa kamar wanda ya rasa sana'a. To ga amsarku. Karatuna a firamare ya tsaya, don haka ku karɓi labarin yadda bakina ya iya kawo shi.

A lokacin ni ne fomen a wajen wani ɗan kwangila da muke kira Alhaji Sabo. Ga wanda bai san aikin ba, a wurin gini akwai lebura mai kwaɓa siminti da miƙa bulo, sama da shi akwai magini mai jerawa, a gefe ga kafinta da mai ɗaurin rodi, sai fomen a kansu duka. Shi ke karɓar zane daga hannun masu ilimi ya mayar da shi bango. Mun yi ajujuwa da shaguna daga Bebeji har Tudun Wada, wata shekara ma mun kai Doguwa.

Ana cikin haka aka turo mana wani ɗalibin jami'a don ya yi 'yan watanni yana sanin makamar aiki. Sunansa Mudassir, mahaifinsa ma'aikacin ruwa ne a Tiga. Siriri ne, idanunsa da ɗan rawaya-rawaya, kuma bahago. Ranar da ya fara zuwa, Tanko, babban maginina wanda bakinsa ba ya hutawa, ya tare shi.

"Ɗan boko, me kake karantawa a can?"

"Zanen gine-gine," in ji shi.

"Zane? Ashe ɗan kasuwa aka kawo mana! Mai zane, akwai atamfa mai kyau?"

Mudassir ya yi murmushi ya ce, "Akwai, Malam Tanko. Na ajiye maka turmi guda, sai ranar da ka samu wadda ta yarda da kai."

Leburori suka kwashe da dariya. Daga ranar sunan Mai Zane ya bi shi.

Allah ya ba yaron nan baiwa. Zai tsinci gawayi ya zana maka gida a bayan buhun siminti, ka ga kamar ka tura ƙofa ka shiga. Kuma ba ya zana ɗaki sai ya tambayi wa zai kwana a ciki, ta ina rana ke faɗo masa, ina matar gida za ta sa murhu. Abu ɗaya ne ya dame ni da shi: yawan zama a inuwa. Na ɗauka son jiki ne, har na taɓa faɗa masa haka a gaban mutane. Ya ce, "To, Baba Fomen," ya miƙe. Allah ya yafe mini.

Alhaji Sabo a hannun Malam Ilu ya yi karatun allo yana yaro. Da Allah ya buɗa masa, sai ya ƙudurta zai rushe tsohon zauren da Malam ke karantarwa a ciki, ya gina masa na bulo da rufin kwano da fanka. Dalili kuwa akwai shi. Bangon gabas ya tsage daga sama har ƙasa, ya kumbura kamar ciki, mutane suna tsoron kada ya faɗo wa masu ɗaukar karatu a damina mai zuwa. Ni ma da na gani cewa na yi a rushe.

Muka je awo wata safiya, rana ta riga ta yi zafi. Muna shiga zauren sai sanyi ya tare mu kamar an buɗe randa. Ginin ƙasa ne na da, rufinsa a kan bakan gizo, wato irin lanƙwasar nan da ake ɗaurawa da azara ta tashi daga bango zuwa bango ba ginshiƙi a tsakiya. Ni ina ta jan tef. Da na waiga, sai na ga Mudassir kwance a tabarma rigingine, ya zuba wa rufin ido, bakinsa a ɗan buɗe.

Can Malam ya fito daga cikin gida. Idanunsa sun riga sun tafi, amma ba mai yi masa jagora. Tafin hannunsa yake bi da shi a jikin bango, ya wuce alkukin ajiye fitila, ya wuce kusurwa, ya zauna daidai kan buzunsa. Alhaji ya durƙusa ya yi masa bayanin sabon gini. Malam ya yi ta sa albarka. Amma duk tsawon maganar hannunsa bai bar jikin bangon ba. Ni ban kula ba. Mudassir ne ya kula.

Da Alhaji ya fita amsa waya, yaron ya matsa ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, wa ya gina zauren nan?"

"Mahaifina ya sa aka gina. A nan na hardace, a wancan lungun." Ya nuna ba tare da ya juya ba. "Tun da ido ya tafi, hannu ne ke gani. Ko'ina a nan ya sani."

"Malam yana son sabon?"

Malam ya shafa bangon. Sannan ya ce, "Ɗana Sabo ya zo da alheri. Ina ni ina ce masa a'a?"

Mudassir ya ja ni waje. Wajen zauren an shafe shi da filastar siminti, shi ma Alhaji ne ya sa aka yi shekarun baya, lokacin da kowa ke ganin ginin ƙasa tsirara abin kunya ne. Yaron ya ɗauki dutse ya riƙa ƙwanƙwasa bangon yana sa kunne.

"Baba Fomen, saurara."

A yamma sautin tim-tim yake. A gabas kuwa kamar ana buga ƙwarya.

"Simintin ya rabu da ƙasar," in ji shi. "Dubi indararon nan, gajere ne. Ruwa na zuba a bayan filasta, ya shiga ba ya da hanyar fita. Ƙasa tana shan ruwa ta kuma fitar in iska ta buge ta. Siminti ya toshe mata numfashi. Ina zaton abin da ya tsage fata ce, ba ƙashi ba."

Na ce, "To wa zai gaya wa Alhaji kyautarsa ce ke cin zauren malaminsa? Ni dai ina son aikina."

Mudassir da kansa ya gaya masa. Ya tsuguna gefen mota ya ce, "Ranka ya daɗe, rigar da ka sa wa zauren nan mai kyau ce, ta kuma rufa masa asiri shekaru. Sai dai gumi yake yi a cikinta. In ka ba mu izini mu cire masa ita mu duba jikinsa."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, "Yaro, in ya faɗo kan 'ya'yan mutane, jami'arku ce za ta amsa?"

"A'a, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake so a duba kafin a yanke. Kuma Malam da hannu yake gane zauren nan. A sabon gini sai an riƙe masa sanda."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙofar zauren. Sannan ya ce, "Ku ɓare bangon gabas. In ruɓar ta kai ƙafar baka, a ranar za a rushe, kada in ji wata magana. Hadari ya fara haɗuwa." Ya juyo kaina. "Kai Fomen, ka ma iya aikin ƙasa?"

Mahaifina maginin ƙasa ne a Bebeji, na yi masa miƙon tubali ina ƙarami kafin in gudu wajen siminti. Na ce zan gwada.

Ranar da za a ɓare, muka fitar da alluna da littattafai, muka tokare bakan da itatuwa daga ciki. Aka shimfiɗa wa Malam buzu a gindin darbejiya. Rabin unguwa sun fito kallo. Tanko ya sa kurfi da guduma ya buga, sai wani falle na siminti mai faɗin ƙofa ya zame ya faɗi gaba ɗaya. Warin danshi ya bugo mu. Ƙasar da ke baya baƙa ƙirin, jiƙaƙƙiya, tana zubowa da kanta, ga gara na gudu.

"Shi ke nan," in ji Tanko a hankali. "Mai Zane, naɗe kayanka."

Mudassir ya matso. Ya karɓi guntun rodi ya hau tsani, daidai inda ƙafar baka ta zauna a bango. Ya soka. Rodin ya shige kamar cikin tuwo. Sai kuma ya tsaya. Ya danna da ƙarfinsa, bai motsa ba. Ya sa hannu ya yi ta kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar har jan tubali ya bayyana, busasshe, mai tauri. Ya tono bakin azara ya ƙwanƙwasa, ta amsa garau. Ya gwada sama, ya gwada ƙasa, ya sa ni ma na gwada. Ruɓar ba ta wuce zurfin tafin hannu ba.

Daga gindin bishiya Malam ya ɗaga murya. "Kun yi shiru. Me kuka gani?"

Mudassir ya amsa daga kan tsani, "Yana da rai, Malam."

Malam ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Alhaji Sabo ya juya baya, ya yi kamar yana duba tayar motarsa.

Daga nan sai tsere da damina. Muka ɓare sauran simintin muka bar bango ya sha iska. Aka haƙo ƙasa a kududdufi, aka cuɗa ta da ciyawa da kashin shanu da muka roƙo a rugar da ke bayan gari, aka bar ta ta kwana ta ruɓa. Matan unguwa suka jiƙa mana ɓawon ɗorawa don makuba, wadda ke hana ruwa kama bango. Abin da hannuna ya tuna na yi, abin da ya manta tsofaffin gari suka tuna mini. Mudassir ya zana dogayen indararo masu jefa ruwa nesa, ya sa aka jera duwatsu a gindin bango.

Da aka zo yaɓe ya ce sai ya yi. Yaɓen ƙasa da tafin hannu ake yin sa, kowa yatsunsa na barin layi mai lanƙwasa. Namu duka gefe ɗaya suka kwanta. Nasa, da yake bahago ne, suka kwanta ɗaya gefen, a wani fili kusa da ƙofa. Da ya bushe Malam ya fito yana shafawa, ya zo wurin ya tsaya.

"Nan wa ya yi? Hannun ya saɓa wa na kowa."

"Mai Zane ne, Malam," in ji Tanko. "Komai nasa a juye yake."

"A juye ko a daidai, hannun mai natsuwa ne," in ji Malam.

Ruwan farko ya sauko da la'asar muna tattara kaya. Muka ruga cikin zauren, muka zauna muna jin indararo na zuba can nesa da bango. Ko ɗigo bai shigo ba. A nan ne Mudassir ya ce mini, "Baba Fomen, wannan ba irin bulo ba ne da za a gama a tafi. Duk shekara sai an sake masa yaɓe. Shekarar da aka daina, ita ce shekarar da zai fara mutuwa." Ya ce in ya gama karatu irin wannan ginin zai riƙa zanawa, da tagogi manya, mu yi tare.

Ya koma makaranta. Cikin sanyin shekarar Alhaji ya kira ni ya ce Mai Zane ya rasu. A wajen ta'aziyya a Tiga mahaifinsa ya gaya mini sikila ce, tun yana jariri yake fama da ita. Ya ce kwanakin Badafi da ciwon ƙashi yake dawowa gida, amma in gari ya waye ba mai iya hana shi fita. Na tuna zaman inuwar nan da abin da na faɗa. Ban iya cin abincin da aka kawo ba.

Da bazara ta zagayo muka koma yaɓe ni da Tanko. Muka zagaye zauren duka, sai filin nan na kusa da ƙofa. Ba wanda ya ce a bar shi, ba kuma wanda ya iya ɗora masa ƙasa. Malam kullum in ya fito sai ya tsaya ya shafa shi. Damina ta zo ta wuce a kansa.

Shekarar da ta biyo, muna zuwa Malam ya kama hannuna ya ɗora a wurin.

"Ka ji? Ya fara tsagewa. Ruwa zai samu hanya. Me yaron nan ya gaya maka ranar ruwan farko? Ina jin ku."

Na maimaita masa.

"To me kake jira?"

Na ce, "Malam, shi ke nan abin da ya rage na hannunsa."

"A'a," in ji shi. "Zauren ne ya rage. Rufe shi."

Ya daɗe da tafinsa a kan layukan yana yi masa addu'a, muna amsawa. Da ya janye na ɗebo ƙasa. Ban san me ya sa ba, sai na ga na ɗebo da hagu. Na yaɓa, ya fito a karkace, wani wuri kauri wani wuri sirara. Tanko ya share ido da gefen riga ya ce, "Fomen, da Mai Zane ya ga wannan da ya kore ka daga aiki."

Malam Ilu ya rasu daga baya, ɗansa ke karantarwa a zauren yanzu. Abin da na ɗauka daga aikin nan ba shi da yawa. Kafin ka sa guduma a bango, ƙwanƙwasa ka saurara. Kafin ka ja tef, dubi inda mai gida ya ɗora hannunsa. Kuma in ka ga yaro ya zauna a inuwa, tambaye shi lafiya kafin ka buɗe baki.

Bana ma zan je in Allah ya kai mu. Mai son bi na ya shirya. Bango uku da rabi kowa ya yi da damansa, amma filin kusa da ƙofa da hagu ake yaɓa shi.