Kwanon da Aka Ware Mini a Alabar

Ni, Bulus Garba, mai riƙe da takardar shaidar kammala ilimin falsafa da hidimar ikkilisiya daga kwalejin Mishan, na rubuta wannan domin jama'ar Zongon Kumasi su zama shaida.

Jiya da azahar, a unguwar Alabar, na shiga zauren kawuna, Malam Sule mai goro, wanda ya rene ni tun ina maraya. Mazan gida sun kewaye akushin tuwo ɗaya kamar kullum. Na wanke hannu na tsuguna, sai aka turo mini wani ɗan kwano daban a bakin ƙofa.

Na miƙe na ce, "Kawu, bisa ƙa'idar mantiƙi, sauyin aƙida ba ya warware dangantakar jini."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Garba, su Turawan da suka koya maka wannan magana, sun taɓa sa hannu a kwano ɗaya da kai?"

Shekara huɗu ina ƙarƙashinsu, ko kujera ba a taɓa ja mini a teburinsu ba. Na fita ban ci ba.

Jama'a, ku faɗi abin da kuka gani.

Kai kuma Kawu, ranar Litinin za a tura ni ƙauye wa'azi. Ina buƙatar amsa a rubuce, ko da ajami ne, kafin Juma'a: ɗan gida ne zai tafi, ko baƙo?